Ciwon da muka ɗora wa Iya

A gidanmu na unguwar Yelwa a Garwa, arewacin Kamaru, da ƙanshin suyar gyaɗa muke tashi, da shi muke kwanciya. Baba yana saro gyaɗa daga Gider da Pitowa da Ngong, ya sayar wa masu loda ta zuwa kudu. Inna kuma tana matsar mai, tana yin ƙuli-ƙuli. Mu yara namu aikin tsinta ne. Bayan la'asar a shimfiɗa tabarma a tsakar gida, a juye buhu, kowa ya ja faifansa. Mu ware masu kyau gefe guda, mu ware waɗanda suka yamushe da waɗanda suka yi baƙi da masu fumfuna a jikinsu. Masu kyau su tafi kasuwa. Sauran kuwa ba a zubarwa, don a gidanmu zubar da abinci saɓo ne. Su ake dakawa a yi mana miya da kunu. Na taso na san ɗacin nan da ke maƙalewa a maƙogwaro idan mutum ya tauna ruɓaɓɓiyar gyaɗa, ban kuma taɓa ɗaukarsa a bakin komai ba.

An haife ni a 1990. Matan Baba biyu ne, Inna wadda ta haife mu mu biyar, da abokiyar zamanta da muke kira Iya. Allah bai ba Iya haihuwa ba, shi ya sa da aka yaye ni sai aka kai ni ɗakinta. Ita ta goya ni, ita ta yi min kitso tun ina ƙarama har ranar da aka kai ni gidan miji, ita ke jira na a zaure idan na dawo daga makaranta. Na faɗi wannan tun farko ne don a san ba baƙuwa na juya wa baya ba.

Ina da shekara 11 ƙanin Inna ya kwanta. Abin da na riƙe a raina shi ne cikinsa da ya yi tulu alhali hannuwansa sun koma kamar kara, da idanunsa da suka rine kamar an ɗiga musu rawaya. Aka ce shawara ce ta shige masa ciki. Ya rasu, aka yi zaman makoki, aka ce kwana ya ƙare. Ba wanda ya sake tayar da maganar.

Sai 2018, lokacin ina gidana da 'ya'ya biyu. Yayanmu, babban ɗan Inna, direban babbar mota ne tsakanin Garwa da Ngaundare. Shekararsa 34, ƙaƙƙarfa, ba ya shan taba balle giya. Ya fara cewa gefen cikinsa na dama, nan ƙarƙashin haƙarƙari, yana yi masa nauyi kamar an ajiye dutse. Ya ɗauka gajiyar tuƙi ce. Ya riƙa sayen farasitamol da wasu ƙwayoyi a hannun masu yawo da magani a tire, yana watsawa bibbiyu, uku-uku, ya hau mota. Sai rama ta fara bayyana, abinci ya daina shiga.

Makonni kaɗan kafin nan sun yi sa-in-sa da Iya a kan wani ɗaki da take ajiye kayanta, shi kuma yana so ya gyara don zai ƙara aure. Magana ta yi zafi, ya faɗa mata abin da bai kamata ɗa ya faɗa wa matar ubansa ba, ya taɓo mata rashin haihuwa. Ita kuma cikin kuka ta ce masa, "Za ka gani." Kalmomi uku ke nan. Duk gidan an ji.

Da ciwo ya ƙi ci ya ƙi cinyewa, wata gwaggonmu ta kawo mai magani. Ya dube shi, ya yi 'yan zane-zanensa a ƙasa, ya ce an ba shi ne a abinci, kuma hannun na cikin gida ne. Bai ambaci suna ba, bai ma buƙaci ambata ba. Daga ranar aka shiga ɗura wa Yaya jiƙe-jiƙe: sassaƙen maɗaci, saiwar rawaya, da wani baƙin tsimi mai sa amai da gudawa, wai don abin ya fito. Wanzami ya zo ya yi masa tsaga a ciki. Wani dare ya yi amai baƙi ƙirin mai gudaji-gudaji, muka tsaya a kan kwanon muna hamdala, muna cewa ga shi yana fita. Sai bayan shekaru na san jini ne yake amayarwa, daga jijiyoyin maƙoshi da ke kumbura su fashe idan hanta ta taurare jini ya kasa ratsa ta. Har yau idan na tuna hamdalar da na yi a kan kwanon nan, jikina sanyi yake yi.

Wata na huɗu aka kai shi asibiti. Aka yi masa hoton ciki. Likitan ya kira Baba da ni, saboda ni ce mai ɗan jin Faransanci, ya ce hantar ta cika da ƙulli, ciwon daji ne, kuma ya wuce inda za a iya yi masa aiki. Ya ce akwai ƙwayar cutar hanta nau'in B a jininsa, ya kuma ce duk wanda ya fito ciki ɗaya da shi ya zo a auna shi. Ni na fassara wannan maganar da bakina. Inna ta ce, "Mu da muke tsaye da ƙafafunmu, me za a auna mana? Asibiti ba ta ganin sammu." Ni ma haka na yarda. Yaya ya rasu a ƙarshen azumin shekarar.

Ranar sadakar uku Iya ta tashi tun asuba ta dama kunu cike da ƙwarya, ta kawo wa masu zaman makoki. Ba wanda ya ce mata komai. Ƙwaryar ta zauna a gefen tabarma har rana ta take, kunun ya yi sanyi ya kama fata. 'Yata ta miƙa hannu za ta ɗauki ludayi, na fizge ta. Iya tana kallo. Ta zo ta ɗauki ƙwaryarta cike kamar yadda ta kawo ta, ta shiga ɗaki. Bayan arba'in ta ɗaure kayanta ta koma wurin ɗan'uwanta a wani ƙauye bayan Pitowa. Baba bai sake ta ba, bai kuma ce mata ta zauna ba. Ni da ta goya ban fito na raka ta ko bakin zaure ba.

Fiye da shekara huɗu ban sa ta a ido ba.

A 2021 na samu ciki na uku, na je awo. Bayan an auna nauyi an duba jini, wata ma'aikaciya ta ce akwai wani gwaji na kyauta, digo ɗaya daga ɗan yatsa. Na miƙa hannu ba tare da tunanin komai ba. Minti kamar 20 ta kira ni ɗaki ta rufe ƙofa, ta nuna min ɗan farin robar da layi biyu a jiki. Da ta ambaci sunan cutar, sai na ji muryar likitan Yaya kamar yanzu yake maganar. Abin da na fara tambaya shi ne wata nawa ya rage min. Ta riƙe hannuna ta ce ba haka abin yake ba. Mutane da yawa suna rayuwa da ita har tsufa, amma sai ana bibiya, kuma abin da ya fi gaggawa yanzu shi ne ɗan da ke cikina. Ta ce akwai bincike da ake yi kan mata masu ciki irina, idan na yarda za a sa ni, idan ban yarda ba ba abin da zai rage a kulawar da ake ba ni. Ta ba ni takarda shafi huɗu na tafi da ita gida.

Maigidana ya ƙi. Ya ce, "Ke ba ki jin abin da ake faɗa a gari? Jinin mutane suke kwasa su kai Turai su sayar. Da mu za su gwada maganinsu kamar ɓeraye." Ban ga laifinsa ba, don ni ma na sha jin wannan maganar, kuma wanda aka taɓa cuta dole ya yi tsoro. Na ce, "Malam, mu je tare ka tambaye su da kanka. In ba ka gamsu ba, na haƙura." Muka je. Wani matashin likita da ke jin Fulatanci da Hausa ya zauna da mu fiye da awa guda, ya bi takardar layi-layi. Ya nuna mana kwalbar da ake ɗibar jinin, cikinta bai wuce ƙaramin cokali ba. Ya nuna mana cewa lamba ake liƙawa a jiki, ba suna ba. Ya ce maganin da za a ba ni, tenofobir, ba sabo ba ne, an daɗe ana ba masu ciki, kuma tun 2020 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a riƙa ba matar da ƙwayar cutar ta yi yawa a jininta daga mako na 28 na ciki. Abin da suke son sani shi ne yadda hakan zai yiwu a wurinmu, inda mata da yawa suke haihuwa a gida. Ya ce duk ranar da na ga dama zan iya fita, ba wanda zai tambaye ni dalili. Maigida ya yi shiru, can ya ce, "Ni ma ku auna ni." Sakamakonsa ya nuna jikinsa ya taɓa haɗuwa da cutar ya kore ta da kansa. Na sa hannu a takardar.

Nawa sakamakon da ya dawo, ƙwayar ta haura 200,000 a ma'aunin da suke amfani da shi, wato ina cikin waɗanda suka fi haɗarin ba wa jariri. Na fara shan ƙwaya ɗaya kullum bayan sallar isha.

A zuwan da na riƙa yi wata-wata ne na koyi abin da ya rushe min duk abin da na gina a kan Iya. Ni mai yawan tambaya ce, likitan kuma ba ya gajiya. Ya ce babban mutum idan ya kamu da wannan cutar, mafi yawanci jikinsa yana kore ta, kamar yadda ya faru da maigidana. Amma jaririn da ya kamu wajen haihuwa, 9 cikin 10 takan zauna musu har abada. Tana zaune shiru shekara 20, shekara 30, tana cin hanta a hankali, mutum yana aikinsa bai san komai ba, domin hanta ba ta cika yin ƙorafi ba sai ta kusa gazawa. Na ce masa to ai na ji ana cewa hanta tana tofowa. Ya ce gaskiya ne, tun 1931 wasu masu bincike a Amurka suka yanke kashi biyu cikin uku na hantar ɓeraye, cikin kamar mako biyu ta koma girmanta. Amma wannan rauni ɗaya ne aka yi mata aka bar ta ta huta. Idan kullum ana yi mata sabon rauni, sai ta riƙa warkewa da tabo, tabo a kan tabo har ta taurare, kuma a irin wannan hantar daji ya fi samun wurin tsirowa.

Sai ya tambaye ni sana'ar gidanmu. Da na ce gyaɗa, ya ajiye biro. Ya tambaya me muke yi da waɗanda muka tsince. Na faɗa masa. Ya ce fumfunar da ke kama gyaɗa da masara idan an adana su da danshi tana fitar da guba da ake kira afalatoksin. An gano ta ne bayan talotalo kusan 100,000 sun mutu a Ingila a 1960 saboda abincin da aka haɗa musu da tunkuzar gyaɗa. Suya ba ta kashe ta, dahuwa ba ta kashe ta, kuma hanta take nufa kai tsaye. Ya ce binciken da aka yi a Sin ya nuna wanda ya haɗa cutar B da wannan gubar, haɗarin dajin hanta a kansa ya ninka na wanda ba shi da ko ɗaya sau da dama. Ina zaune a kujerar nan ina ganin tabarmar tsakar gidanmu, ina ganin Yaya yana yaro yana wawurar gyaɗar da muka ware yana watsawa a baki.

Mai magani ya ce an ba shi a abinci, kuma hannun na cikin gida ne. A abincin kuwa ya ci wani ɓangare na abin da ya kashe shi, amma da hannunmu duka, da hannuna, cikin ƙauna da tattali, ba wanda ya nufe shi da sharri. Ban iya cin tuwo ba a daren.

Na sa aka auna 'yan gidanmu. Sai da na yi wata biyu ina lallashi, na biya wa wasu da kuɗin adashina. Cikinmu mu huɗu da muka rage, uku muna da ita. Inna tana da ita. Ɗana na biyu ba shi da ita. 'Yata ta fari, wadda na haifa a 2012, wadda na fizge daga ƙwaryar Iya don kada a cuce ta, tana da ita. An yi mata allurar jarirai yadda ake yi, daga mako na shida, amma kafin mako shidan abin ya riga ya shige ta. Daga ni ta samu.

Ban san yadda zan kwatanta wannan ba. Na yi kwanaki ina kallonta tana wasa, ina jin kamar in nemi gafararta, alhali ba ta san me ake ciki ba. Amma wannan ciwon ne ya koya min yadda zan yi wa Inna magana, don na riga ta ɗanɗana. Na same ta da hantsi tana murza ƙuli. Na ce, "Inna, ciwon da ya ɗauki Kawu shi ya ɗauki Yaya, kuma yana jikinki, yana jikina, yana jikin jikarki." Ta ci gaba da murzawa ba ta ɗago ba. Can ta ce, "Wato ni na kashe ɗana." Na ce mata a'a. Na faɗa mata abin da likita ya ce, cewa ba mai iya rantsuwa ta inda ta shigi kowannenmu. Tana iya zama wajen haihuwa, tana iya zama muna yara, ta askar wanzami ɗaya da aka yi wa yara goma aski da kaciya da cire beli, ko ta ƙuraje da raunukan da yara ke gogar juna da su. Na ce ita ma wani wuri ta samo, ba ta saya a kasuwa ba. Ta ce, "To ita fa waccan?" Na ce, "Iya ba ta yi komai ba." Ta tashi ta shiga ɗaki, ta bar ƙulin a faranti.

Akwai abin da ya fi tsaya min a rai cikin duk abin da na karanta daga baya a wayata. An gano alamar wannan cutar a 1965, wani likitan Amurka mai suna Baruch Blumberg ya gan ta a jinin wani mutum ɗan asalin Ostireliya. Zuwa farkon shekarun 1980 an samu allurar rigakafi. A Gambiya, nan Afirka, an fara babban binciken yi wa jarirai ita a 1986. Mu a Kamaru sai 2005 ta shiga cikin allurar yara. An haifi Yaya a 1984, an haife ni a 1990. Wato lokacin da ake yi mana suna, abin da zai kare mu yana nan a duniya, bai dai iso Yelwa ba. Wannan yana sa ni fushi, kuma ba na jin fushin laifi ne. Amma kuma yana sa ni tunanin mutumin nan na Ostireliya da ban san sunansa ba, wanda ɗan jininsa ya zama sanadin layi biyun da aka nuna min. Tun daga nan na daina jin nauyin miƙa hannuna idan za a ɗebi jini.

An gaya min allurar farko dole ta shiga jikin jariri cikin awa 24 da haihuwa. Saboda ba mu da tabbacin za a same ta a ranar, muka saya a kantin magani tun cikin yana wata takwas. Ma'aikaciyar ta ja mana kunne cewa a ajiye ta a sanyi amma kada ta daskare, in ta daskare ta lalace. Mu ba mu da firji. Maƙwabciyarmu mai sayar da ƙanƙara ta ba mu wuri a ƙasan nata, muka naɗe kwalin a leda muka rubuta kada a taɓa. Duk ranar da aka ɗauke wuta sai na kasa zama, in tura yaro ya dubo. Naƙuda ta zo min da tsakar dare cikin sanyin Janairun 2022. Maigida ya kai ni asibiti, ya koma a kan babur ya buga wa matar ƙofa, ya sa kwalin a kular ruwa ya naɗe ƙanƙarar da tsumma don kada ta taɓa shi. Na haihu da asuba. Kafin rana ta fito sosai an yi wa yaron allurar a cinya. Da ya tsala kuka ni ma na fashe da nawa, har unguwarzoma ta ɗauka wani wuri ke min ciwo.

Na shayar da shi nono kamar sauran, don an tabbatar min ba a hanawa. Da ya kusa shekara aka auna shi. Ba shi da ita.

A shekarar ne kuma aka fitar da sakamakon wani bincike da aka yi a Tokombere, can Arewa Mai Nisa, inda aka auna mata masu ciki fiye da 20,000 cikin shekaru, aka samu kusan 1 cikin 6 tana ɗauke da cutar. Binciken ya nuna ko an yi wa jariri allurar a kan lokaci, idan ƙwayar ta yi yawa a jinin uwa, wasu yaran suna kamuwa duk da haka, sai an haɗa da ba uwar magani. Matan nan na Tokombere ban san ko ɗaya cikinsu ba, amma ina yi musu addu'a. Wasunsu 'ya'yansu sun kamu, kuma da abin da ya same su aka san abin da za a yi wa irina.

Ba zan ɓoye abin da ya ɓata min rai ba. Da binciken da nake ciki ya ƙare, maganin kyauta ya ƙare, awon kyauta ya ƙare. An faɗa min haka tun farko, yana cikin takardar, amma jin magana daban, ranar da za ka tsaya da takardar magani a hannu ba kuɗi daban. Awon yawan ƙwayar cuta kaɗai ya fi abin da nake samu a wata. Na daina shan magani ba tare da na gaya wa kowa ba. Bayan wata biyu na fara jin kasala, fitsarina ya yi duhu. Da aka auna, alamar kumburin hanta ta hau sosai, likita ya ce abin da ake gudu ke nan idan aka yanke maganin kai tsaye ba bibiya. Na koma kansa, na rage wasu abubuwa a gida don in iya saye. Ina ganin duk mai shirya bincike a kan talakawa ya kamata ya zauna ya yi tunanin ranar da zai naɗe takardunsa ya tafi, me zai bar wa mutanen da suka ba shi jininsu. Har yau kuma ba wanda ya kira mu ya gaya mana abin da aka gano da namu jinin, ko da a taƙaice. Muna da haƙƙin ji.

A 2024 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sassauta sharuɗɗan fara magani, har ta sa wanda aka taɓa yin dajin hanta a danginsa cikin waɗanda ya kamata a ba. Da wannan ƙannena biyu suka fara sha. 'Yata ana bibiyarta. Duk wata shida muna zuwa a duba jininmu a yi mana hoton ciki, ni da ita, mu biya ta kasuwa a dawowa in saya mata abin da take so. Hukumar ta ce mutum miliyan 254 ne ke ɗauke da cutar a duniya a 2022, kuma waɗanda suka san suna da ita ba su wuce 13 cikin 100 ba. A unguwarmu wasu sun daina sayen ƙulina da suka ji labari, duk da cewa ba a ɗaukarta ta cin abinci ko shan ruwa a kofi ɗaya ko gaisawa. Wasu sun dawo, wasu ba su dawo ba.

Gyaɗa kuwa ban bar ta ba, ita ce abincinmu. Sai dai na canza hannu. Likita ya ba ni labarin wani gwaji da aka yi a ƙauyukan Gini, aka buga a 2005, inda manoma suka riƙa shanya gyaɗa a kan tabarma maimakon ƙasa, su tsince, su zuba a buhun algarara, su ɗora a kan katako, gubar da ke jininsu ta ragu da fiye da rabi. Haka nake yi yanzu. Waɗanda na tsince kuma rami nake haƙawa in binne, ko kaji ba na ba. Ranar farko da Inna ta gan ni ina binnewa sai da ta yi salati.

Bayan an auna yaron an ce lafiyarsa lau, na goya shi na hau mota ranar Lahadi, ranar kasuwar Pitowa, daga can na hau babur zuwa ƙauyen. Na tarar da Iya a gindin bishiya tana ɓarar masara. Ta tsufa fiye da shekarun da suka wuce. Na durƙusa na kasa ɗago kai. Na ce, "Iya, na zo ki yafe min." Na fara yi mata bayanin jini da ƙwayar cuta da fumfuna, ta ɗaga min hannu. Ta ce, "Ni na san ban yi ba. Ba sai likita ya gaya min ba. Abin da ya dame ni, ke ma kin yarda." Ban da amsa. Ta kwance yaron daga bayana ta ɗora a cinya, ta daɗe tana kallonsa. Ta ce kalmar nan da ta faɗa wa Yaya ba daren da ba ta tuna ta, kuma tana yi masa addu'a kowace asuba. Sannan ta tashi ta dama kunu ta kawo min a ƙwarya. Na sha har ƙasa.

Ba ta dawo gidan Baba ba, ta ce ta saba da inda take. Ina zuwa duk wata biyu da yaran. Inna har yau ba ta je ba, ba ta kuma taɓa ambatar sunanta ba. Amma a zuwana na ƙarshe, ina ɗaura goyo a zaure, ta fito da galan ɗin man gyaɗa da ta matsa da kanta daga tsintacciyar gyaɗa, ta ajiye kusa da jakata ta ce in tafi da shi, kada in bari ya zube a mota.